Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Tsofaffin Itatuwan Fayin na Birnin Jos

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli na Jihar Filato,
da Shugaban Hukumar Raya Birnin Jos da Kewaye.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in roƙi abu guda: a buɗe rajista ta tsofaffin itatuwan fayin (wato pine a Turance, dogon itacen nan mai ganye kamar allura) da suka rage a cikin Jos da Bukuru, a ba kowanne lamba, a rubuta inda yake da halin da yake ciki, sannan a shimfiɗa ƙa'idar yadda za a riƙa kula da shi. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a maimakon in kai takarda ofis, saboda da yawa daga cikin waɗanda makomar itatuwan nan take hannunsu ba ma'aikatanku ba ne. Masu gidaje ne, da shugabannin makarantu, da kwamitocin masallatai da na majami'u, da magina, da masu gadin da suke share harabar gida su tara shara su cinna mata wuta a gindin itace.

Ya kamata in faɗi ko ni wane ne, don kada a sa ni cikin masu ganin sare itace laifi ne a kowane hali. A gidan masu sana'ar katako aka haife ni, kuma da kuɗin katako aka yi mini karatu. Na san ƙamshin fayin idan zarto ya shige shi, na san yadda ƙaronsa yake manne wa tafin hannu har sai an goge da kananzir, na kuma san cewa idan aka kayar da shi da damina aka bar gungumen a ƙasa ba a tsaga da wuri ba, cikinsa zai yi wani dabbare-dabbare mai ruwan shuɗi, farashinsa ya faɗi. Saboda haka idan na ce akwai itatuwan da tsayuwarsu ta fi katakonsu daraja, magana ce ta wanda ya san abin da katakon zai kawo a kasuwa.

Fayin baƙo ne a ƙasar nan. Nau'in da aka fi dasawa a Nijeriya, wanda masana suke kira Pinus caribaea, asalinsa daga tsakiyar nahiyar Amurka ne, wajajen Honduras da Belize da Nikaraguwa, da tsibiran Kyuba da Bahamas. Ma'aikatan gandun daji ne suka shigo da shi da 'yan'uwansa a tsakiyar ƙarnin da ya gabata, suka yi ta gwaji a wurare irin su Miango a nan Filato da Afaka kusa da Kaduna, da nufin samun katako da kayan sarrafa takarda. Tudun Jos, da tsayinsa na kimanin mita 1,200 daga teku da sanyinsa da wadatar ruwan samansa, ya karɓe shi hannu biyu. Daga gonakin gwaji ya bazu zuwa harabar makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata da gefen hanyoyi, kuma duk wanda ya taɓa shiga Gandun Namun Daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ya san kurmin fayin da ke ciki, ya san yadda iska take kuka a samansa da yadda ƙasan take laushi saboda ganyen da ya zuba. Ga mutanen Kano da Sakkwato da Maiduguri da suke zuwa hutu, wannan itace yana cikin abubuwan da suke tabbatar musu cewa sun iso Jos, kamar dai sanyin da duwatsun.

Wani zai ce itacen da bai wuce shekara 50 ko 60 ba yaya za a kira shi tsoho, alhali akwai kuka da rimi da suka ga kakannin kakanninmu, akwai kuma wani fayin a duwatsun Kalifoniya da ya haura shekara 4,800 yana raye. Gaskiya ne. Amma masu kula da itatuwa ba da yawan shekaru kaɗai suke auna tsufa ba. Suna duban girman itacen idan aka gwada shi da ire-irensa a wurin, da kaurin ɓawonsa, da tabon da tsawa ko wuta ta bar masa, da kogon da tsuntsaye suka samu a jikinsa, da kuma matsayinsa a tarihin unguwa. Ta wannan ma'auni, fayin da aka dasa kafin a ƙirƙiro Jihar Filato a 1976 dattijo ne, domin babu wani irinsa da ya girme shi sosai a garin nan, kuma idan ya tafi, sai jikokinmu ne za su ga madadinsa, in har an dasa madadin.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami ƙaramin al'amari ne. A hanyar da nake bi kullum akwai wani tsohon gida mai jerin fayin a bakin katangarsa, masu tsayin da sai ka ɗaga kai hularka ta nemi faɗuwa. Gidan ya sauya hannu, sabon mai gidan ya ga sun yi masa tsayi, ya kira masu injin yankan itace suka datse kawunansu, suka sassabe rassan, suka bar gangar jiki tsaye kamar turakun lantarki. Da na yi masa magana, cikin mutunci ya amsa mini cewa in kwantar da hankalina, za su tofo da damina. Ban ga laifinsa ba, domin abin da ya sani ke nan: haka ake yi wa darbejiya, haka ake yi wa turare da malaina, ka datse su a bana, baɗi su fito da sababbin rassa kamar ba a taɓa su ba. Fayin ba haka yake ba. Galibin nau'o'insa ba sa fitar da sabon toho daga tsohon reshe ko daga kututture, saboda haka reshen da aka raba da ganyensa ya mutu ke nan, itacen da aka raba da kansa kuwa ya kama hanyar mutuwa. Damina biyu aka yi, dukkansu suka bushe, aka dawo aka kayar da su. Mutumin bai yi niyyar kashe su ba, kuma da akwai wata 'yar lamba a jikinsu da ta tilasta masa tambaya kafin ya kira masu inji, da yanzu suna nan.

Illar da ta fi wannan yawa ita ce wadda ido ba ya gani, wato ta saiwa. Mutane suna zaton saiwar babban itace tana nutsewa ne ƙasa daidai tsayinsa, alhali mafi yawan saiwoyin da suke sha masa ruwa suna shimfiɗe ne a saman ƙasa, cikin zurfin da bai wuce santimita 60 ba, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwarsa. Ga fayin kuma akwai ƙari. Saiwarsa tana rayuwa ne tare da wata irin fumfuna ta cikin ƙasa, dangin naman kaza, wadda take lulluɓe ƙananan saiwoyin tana jawo musu ruwa da sinadarai, ita kuma tana samun abinci daga itacen. Dogaron da yake yi da ita ya kai matsayin da a ƙasashe da dama masu zafi dashen fayin ya yi ta lalacewa a farko, tsiron ya yi rawaya ya tsumbure, har sai da aka gane a ɗebo ƙasa daga gindin tsofaffin fayin a zuba a wurin renon. To, wannan fumfuna da waɗannan ƙananan saiwoyi suna buƙatar iska da ruwa. Ranar da aka malala siminti ko aka jera intalok har gindin itacen, ko aka mai da inuwarsa wurin ajiye motoci da tipa har ƙasar ta daskare, ko aka haƙa kwata ko ramin bututu taku biyu daga jikinsa, ranar aka yanke masa hukunci. Sai dai ba ya mutuwa nan take. Yakan ɗauki shekaru yana ragewa, samansa yana yin ja, ganyen yana ƙaranci, kuma lokacin da zai bushe an manta da aikin da aka yi, sai a ce tsufa ne ko cuta.

Sai kuma wuta. Ganyen fayin busasshe da ƙaron jikinsa duk makamashi ne, shi ya sa wasu suke sassaƙar gindinsa da adda su ɗebi ɓarɓashi don hura gawayi, su bar rauni a buɗe. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tartsatsi ɗaya ya isa. Babban fayin yana iya jure wutar da ta wuce da sauri saboda kaurin ɓawonsa, amma ba ya jure sharar da ake ƙonawa a wuri ɗaya kowane mako, domin wannan dafa gindin take yi a hankali.

Rajistar da nake roƙo ba aiki ne mai tsada ba. Kayan aikinta tef ɗin awo ne, da wayar hannu mai ɗaukar hoto da nuna wuri, da 'yar lamba ta alminiyam, da mutumin da ya san abin da yake kallo. A auna kewayen gangar jiki a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, kamar yadda ma'aikatan gandun daji suka saba, a rubuta tsayi, a ɗauki hoton itacen gaba ɗaya da na gindinsa da na ganyensa, a rubuta ko a filin gwamnati yake ko a gidan wani, da abin da ke kewaye da shi, da duk wata alamar rauni. Batun ganye ina so a ba shi muhimmanci, domin a garin nan duk itacen da ya yi tsini a sama kuma yake da siririn ganye sai a kira shi bishiyar Kirsimeti, alhali iri-iri ne. Fayin na gaskiya ganyensa kamar allura yake, a ɗaure a ƙananan damma, uku-uku galibi ga nau'in da na ambata, biyar-biyar ga wani ɗan'uwansa mai suna Pinus oocarpa, kuma 'ya'yansa kamar ƙaramar abarba busasshiya suke. Kasharina kuwa, wata bishiya mai kama da fayin wadda ta fito daga wajajen Ostareliya, abin da ake ɗauka ganyenta ne rassa ne sirara masu gaɓa-gaɓa, idan ka ja sai su tsinke a gaɓar, kuma ba ta da dangantaka da fayin ko kaɗan. Rajistar da ta cakuɗa su za ta kai ga ba da shawarar da ta dace da wani a kan wani.

Akwai sashe ɗaya na aikin da ba ya jira, shi ne tarihin kowane itace. Waɗanda suka riƙe buta suka shayar da tsiron nan a shekarun 1960 da na 1970, tsofaffin malaman daji da gadina da leburorin wurin reno, waɗanda suka rage cikinsu sun manyanta ƙwarai. A bakinsu za a ji shekarar da aka dasa jerin da ke gaban wata makaranta, da inda aka samo irin, da dalilin da ya sa aka zaɓi wurin. Tsofaffin hotunan 'yan makaranta da na bukukuwa, waɗanda itacen ya fito a bayansu yana ƙarami, su ma shaida ne. Auna kewayen itace ana iya yin sa baɗi ko baɗin baɗaɗa, amma hira da dattijo ɗan shekara 85 ba a ɗaga ta.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A Birtaniya ƙungiyar Woodland Trust tana riƙe da kundin tsofaffin itatuwa wanda 'yan sa-kai suke cikawa, masu tantancewa su bi baya su tabbatar, kuma tun dokar tsara birane ta 1947 ƙananan hukumomin Ingila suke da ikon sa wa itace takunkumi, ko da a cikin gidan mutum yake, ta yadda ba za a sare shi ko a datse shi ba sai da izini. Shawarar da gwamnatinsu take bayarwa kan gini kusa da tsohon itace ita ce a bar masa fili da ya kai ninki 15 na faɗin gangar jikinsa, ko mita 5 bayan iyakar rassansa, duk wanda ya fi yawa. Wato fayin mai faɗin santimita 60 yana buƙatar mita 9 ta kowane gefe. Na san a wasu unguwanninmu wannan ba zai samu ba, kuma ba na cewa a kwafo lissafin yadda yake. Ina cewa a sa wani adadi a rubuce, domin mai duba taswirar gini ya sami abin da zai kafa hujja da shi. A Italiya kuwa doka mai lamba 10 ta shekarar 2013 ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma alhakin ƙidaya manyan itatuwanta na tarihi, ta kuma sa tarar da ta kama daga yuro 5,000 zuwa 100,000 kan wanda ya sare ko ya lalata ɗaya daga cikinsu. Abin da ya sami birnin Roma ma abin lura ne: wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ruwan itace, ɗan asalin Arewacin Amurka, ya ɓulla a yankin Napoli, ya iso Roma wajen 2018, ya auka wa fayin masu kama da laima da aka san birnin da su, har sai da aka koma bin su ɗaya bayan ɗaya ana yi musu allurar magani a gangar jiki. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa ga hukumar da ba ta san yawan itatuwanta da inda suke ba, kuma ƙwaro ba ya aiko da sanarwa kafin ya zo.

Na san za a ce me ya sa za a fara da baƙon itace, ga atili, ga ɗorawa, ga madaci da ɓaure da sauran 'yan gida. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ni ma ba na goyon bayan a share ciyayi da kurmin asali na tudun nan a jera fayin, domin ƙarƙashinsa ba kasafai wani abu yake tsirowa ba, kuma a wasu ƙasashe ya tsallake gona ya zama annoba. Dalilina na farawa da shi shi ne ba shi da yawa, yana da sauƙin ganewa daga nesa, kuma shi ne mafi rashin haƙuri da irin kulawar da muka saba yi wa itace. Idan ma'aikata suka goge a kansa, littafin da aka buɗe ba zai ƙi karɓar atili da madaci ba, kuma fatana ke nan.

Batun haɗari kuma ba zan kauce masa ba, domin duk wanda ya ga iskar farkon damina a Jos ya san abin da dogon itace yake iya yi wa rufin kwano, balle ran ɗan Adam. Tsoron nan ne yake sa mutane su sare lafiyayyen itace tun bai yi musu komai ba, kuma ba a kawar da tsoro da wa'azi. Abin da zai kawar da shi shi ne mai gida ya san cewa akwai wanda ya zo ya duba, kafin saukar ruwa da kuma bayan ɗaukewarsa, ya duba ko itacen ya fara karkata, ko ƙasar gindinsa ta ɗaga ta gefe ɗaya, ko naman kaza ya fito a jikin gindin, ko tsawa ta tsaga shi, ko akwai mataccen reshe a saman hanya. Mataccen reshe a cire shi daga mahaɗarsa da zarto, ba da gatari ba. Inda rassa suka kusanci wayar lantarki, a rage na gefen da hankali, a bar kan. Wanda ya ruɓe har ya zama barazana a kayar da shi ba tare da jinkiri ba, a rubuta dalili a gaban lambarsa, a ƙirga zoben da ke cikin kututturen domin a sami ƙiyasin shekarunsa, sannan a dasa wani a kusa, da ƙasar da aka ɗebo daga gindin tsohon. Wanda ya bushe a can cikin kurmi, nesa da hanya da gidaje, babu laifi a bar shi tsaye, domin maƙwaƙwafi da sauran tsuntsaye masu kwana a kogo suna da amfani da shi.

Ina kuma roƙon kada rajistar ta zama wata sabuwar hanyar karɓar kuɗi daga masu gidaje. Ranar da mutane suka fahimci cewa lamba a jikin itace tana nufin haraji ko zirga-zirgar ofis, a daren za su kayar da itatuwan kafin masu ƙidaya su iso, mu wayi gari mun yi asarar abin da muka fito karewa. Dubawa ta zama kyauta, amsar neman izini ta fito cikin kwanakin da aka ƙayyade, kuma wanda ya riƙe tsohon itace a gidansa ya ji cewa hukuma tana ganin ƙoƙarinsa.

Masu yin aikin suna nan cikin gari. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya tana Jos tun 1958, ɗalibanta kuma suna buƙatar aikin fili kowace shekara. Jami'ar Jos tana da masana tsirrai da masu zana taswira. Cibiyar binciken tsuntsaye da ke Laminga ta san waɗanne tsuntsaye suke dogara da manyan itatuwa. Masu unguwanni sun san kowane gida. Abin da ya rage shi ne umarni daga ofisoshinku, da jami'i ɗaya da za a ce rajistar tana hannunsa, da kwafinta a teburin masu amincewa da taswirar gini, da wani kwafin a intanet inda kowa zai iya dubawa ya kuma kawo gyara.

Shawarata ita ce a fara da rani mai zuwa, a filayen da suke hannun gwamnati, inda ba sai an nemi izinin kowa ba: Gandun Namun Daji, da harabar ma'aikatu da makarantu da asibitoci, da gefen manyan hanyoyi. Kafin a kammala ƙidayar kuma, a dakatar da datse kai da sare duk wani fayin da ke waɗannan filaye, sai wanda malamin daji ya duba ya sa hannu cewa yana da haɗari. Idan an tashi, ina da tef ɗin awo da ƙafafun da suka san lungunan garin, kuma a shirye nake in bi ɗaliban kyauta in nuna musu inda na san akwai su.

Na gode da lokacinku. Allah ya taya ku riƙo.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin Jos, ɗan gidan masu sana'ar katako.